Na daina shan maganin damuwa, sai saurin inzali ya same ni

Tambaya: "Likita, ni magidanci ne mazaunin Jos, shekaruna sun kusa arba'in. An ɗora ni a kan paroxetine saboda ciwon damuwa da fargaba, na sha kusan wata takwas, kuma na samu sauƙi. Sai dai a tsawon lokacin sha'awata ta ragu ƙwarai, idan kuma na kusanci iyalina sai in daɗe ban kawo ba, wani lokaci ma in haƙura. Ganin haka na ajiye maganin ba tare da na koma asibiti ba. Yanzu abin ya juye, ko minti ɗaya ba na kaiwa. Wani abokina ya ce basir ne, wani kuma ya ce in riƙa shan tramadol. Maganin ne ya lalata ni? Kuma zan warke?"

Malam, Allah Ya ƙara maka lafiya. Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar cewa maganin ya lalata maka wani abu a jiki ba, kuma matsalar da kake ciki tana daga cikin waɗanda ake samun sauƙinsu idan aka bi ta hanyar da ta dace. Abin da nake so ka fara fahimta shi ne cewa abubuwa biyu ne suka same ka a jere, na farko saboda maganin yana jikinka, na biyu kuma saboda yadda ya fita daga jikinka, domin wannan bambanci shi ne zai nuna abin da ya kamata a yi. Zan rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali domin ka gane su idan ka gani.

Fitar maniyyi aiki ne na jijiyoyi, cibiyarsa tana cikin lakar baya, amma ƙwaƙwalwa ce take riƙe da ragamarsa ta hanyar wasu sinadarai da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da su. Biyu daga cikinsu ne suka shafe mu a nan. Dofamin kamar ƙaimi yake ga doki, shi ke tayar da sha'awa ya ingiza al'amarin gaba, sirotonin kuwa kamar linzami yake, idan ya yawaita sai ya ja abin baya. Paroxetine yana cikin rukunin magungunan da ake kira SSRI, tare da fluoxetine da sertraline da citalopram da escitalopram, kuma aikinsu shi ne hana jijiyoyi saurin tsotse sirotonin bayan sun sake shi, ta yadda zai daɗe yana aiki. Wannan ne ya taimaka wajen kwantar maka da fargaba, kuma shi ɗin ne dai ya ja linzamin har ka riƙa daɗewa ba ka kawo ba, sha'awarka ma ta yi sanyi. A duk rukunin, paroxetine ne aka fi sani da wannan jinkirtawa, har ta kai likitoci suna rubuta shi da gangan ga masu fama da saurin inzali, kuma a kan wannan hikima aka samar da dapoxetine, wanda wasu ƙasashen Turai suka amince da shi a 2009 domin wannan matsala kaɗai. Saboda haka, maganin da ka sha ba ya haddasa saurin inzali yayin da yake jiki, akasin haka ma yake yi.

To, me ya faru da ka ajiye shi? Paroxetine ba ya daɗewa a jini, domin cikin kimanin kwana ɗaya rabin abin da ka sha ya fita, cikin kwana huɗu ko biyar kuwa kusan babu saura, saɓanin fluoxetine da ke ɗaukar makonni kafin ya bar jiki. Jijiyoyin da suka yi wata takwas suna sabawa da yalwar sirotonin sun wayi gari an janye musu shi farat ɗaya, sai dokin da aka daɗe ana ja wa linzami ya ji an sake shi. Wannan sanannen abu ne ga masu daina irin waɗannan magunguna ba zato, kuma ina kyautata zaton cewa a makon farko ka ji jiri, ko tashin zuciya, ko mafarkai masu firgitarwa, ko saurin fushi, ko wani abu kamar fizgar wutar lantarki a kai, domin tare suke zuwa. Sau da yawa abin yana lafawa da kansa cikin makonni yayin da jijiyoyi ke komawa daidai, ko da yake ga wasu yakan ɗauki watanni.

Amma ba zan ɗora wa janyewar maganin laifin duka ba. Ciwon da aka ba ka maganin dominsa, wato fargaba, yana daga cikin manyan abubuwan da ke kawo saurin inzali, kuma mai yiwuwa ne ya fara dawowa tun da ka cire abin da ke danne shi. Namijin da ya gaza sau ɗaya yakan shiga shimfiɗa karo na biyu zuciyarsa na bugawa, hankalinsa a kan tsoron kada abin ya maimaitu, wannan tsoro kuwa shi ke tayar da ainihin jijiyoyin da ke gaggauta fitar maniyyi, sai abin ya zama kowace gazawa tana haifar da ta gaba. Akwai kuma nisan tazara tsakanin saduwa da saduwa, wanda na tabbata ya ƙaru a watannin da sha'awarka ta ragu, shi ma yana gaggauta abin. Tambayar da zan yi maka da kana gabana ita ce yadda kake kafin ka fara maganin, domin akwai mazan da tun farkon aurensu suke da saurin inzali, maganin ya rufe musu shi na ɗan lokaci, da suka daina sai asalin halinsu ya dawo, su kuma suka ɗauka sabon ciwo ne.

Yana da kyau mu daidaita ma'auni, domin hirar majalisa da tallan masu magani sun ɓata wa maza da yawa lissafi. A wani bincike da aka wallafa a 2005, wanda aka yi da ma'aurata kimanin 500 a ƙasashe biyar, aka ba su agogo suka riƙa auna lokaci da kansu, matsakaicin abin da aka samu shi ne minti 5.4 daga shiga zuwa fitar maniyyi. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta fitar a 2014 ta ce ana kiran abu saurin inzali idan wanda yake da shi tun asali yana kawowa cikin kimanin minti ɗaya, ko kuma wanda abin ya same shi daga baya lokacinsa ya ragu zuwa kimanin minti uku ko ƙasa da haka, tare da cewa ba ya iya riƙewa kuma abin yana damun sa. Naka ya shiga wannan ƙa'ida, ba na musun haka, amma kada ka sa wa ranka cewa warkewa ita ce ka koma daɗewar da kake yi lokacin da kake kan maganin, domin waccan ita ma illa ce.

Batun basir kuwa, a taƙaice, kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, kuma ba shi ke sarrafa fitar maniyyi ba. Na san cewa duk wanda ya bi ta Terminus ko tashar Bauchi Road a Jos ya ji lasifikar masu magani suna jingina kowace matsalar namiji ga basir ko sanyi ko zaƙi, amma cututtukan da muke bincikawa da gaske su ne yawan aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, da kumburin ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji da ake kira furostet, da raunin mazakuta wanda ciwon suga ko hawan jini ko shan taba ke kawowa. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin namijin da gabansa ba ya daɗewa a tsaye yakan yi gaggawa don kada ya kwanta, sai a ga kamar saurin inzali ne alhali tushen matsalar daban ne.

Shawarar tramadol ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka, kuma a nan zan ɗan tsaya. Gaskiya ne yana jinkirta inzali, shi ya sa shawarar take da farin jini, domin ban da kasancewarsa maganin ciwo daga dangin ofiyam, yana kuma ƙara sirotonin kamar yadda magungunan damuwa ke yi. Sai dai jiki yana sabawa da shi cikin ɗan lokaci, ƙwayar da ta yi aiki a watan farko ba za ta isa a wata na uku ba, sai mutum ya ƙara, kuma galibin wanda ake sayarwa a ɓoye mai miligiram 200 ko 225 ne, alhali wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai 50 da 100 ne. Yawan shan sa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Idan aka daɗe a kansa yana rage sinadarin maza na testosteron, sai sha'awa ta mutu, gaba ya yi rauni, ranar da mutum ya yi ƙoƙarin dainawa kuma saurin inzalin ya dawo fiye da yadda yake a da, wato an gudu gara an faɗa gidan zago. Ga kai musamman akwai ƙarin haɗari, domin idan likita ya mayar da kai kan paroxetine ko wani ɗan'uwansa alhali kana shan tramadol a ɓoye, sirotonin na iya yin yawan da zai kawo zazzaɓi mai zafi da gumi da makyarkyata da ruɗewa, abin da kan kai mutum ga kwanciya a asibiti, wani lokaci ma ga rasa rai. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa umarnin likita ba, kuma a aikina na ga magidanta masu kamun kai, waɗanda ko sigari ba su taɓa sha ba, da suka shiga wannan tarko ta ƙofar shimfiɗar aure.

Haka nan ina ba ka shawara ka nisanci burantashi da jiƙe-jiƙen ƙarfin maza. Burantashi yana ɗauke da sinadarin yohimbin, wanda ke ɗaga hawan jini da bugun zuciya kuma yake tayar da fargaba, wato ainihin ciwon da kake jinya. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama kuma sun sha gano sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, a ɓoye cikin kofi da zuma da ruwan kwalba da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya, shi kuwa idan ya haɗu da magungunan ciwon zuciya na dangin naitiret yana iya karya jini ƙasa ƙwarai cikin ɗan lokaci.

Bari in koma ga rabin farko na labarinka, wato watanni takwas da ka yi kana fama da raguwar sha'awa ba ka faɗa wa kowa ba, domin a nan ne matsalar ta faro, kuma a nan mu likitoci muke da namu rabon laifi. Wani bincike da aka yi a Sifaniya aka wallafa a 2001, wanda ya bi marasa lafiya 1,022 masu shan magungunan damuwa, ya samu kashi 59 cikin ɗari suna da wata matsala ta jima'i. Wani da ya gabace shi a 1997 ya nuna cewa kashi 14 ne kawai suka faɗa da bakinsu, amma da likita ya tambaye su kai tsaye sai adadin ya kai kashi 58. Idan haka abin yake a Turai, to ina ga wurinmu, inda kunya take da matsayi babba, ɗakin duba marasa lafiya yake cike, ga ɗalibai a tsaye, ga ɗan'uwa ko ƙane da ya rako mutum yana zaune a gefe? A ganina wajibi ne duk likitan da zai rubuta irin wannan magani ya ambaci wannan illa tun ranar farko, ya kuma sake tambaya a ganawa ta gaba bayan ya nemi ɗan rakiya ya ɗan ba su wuri. Kai ma kana da damar ka ce wa likita kana da magana da kake so ku yi ku biyu.

Da ka faɗa a lokacin, akwai hanyoyi da dama. Da farko likita zai duba ko ciwon damuwar ne da kansa ya kashe sha'awar, domin yana yin haka, kuma lokacin da abin ya fara shi ke bambancewa: idan tun kafin magani ne, ciwon ne, idan kuwa bayan makonni da fara magani ne alhali zuciya tana samun sauƙi, to maganin ne. Daga nan ana iya rage yawan abin da ake sha, ko a sauya zuwa wanda illarsa a wannan fanni ba ta kai haka ba, kamar mirtazapine, wanda shi kuma yake sa barci da ƙarin ƙiba, ko bupropion inda ake samun sa, wanda ba a ba mai farfaɗiya. Idan matsalar ta tsayuwar gaba ce, ana iya ƙara sildenafil bayan an duba lafiyar zuciya. Idan kuma lokacin dainawa ya yi, wanda yawanci ba ya zuwa sai an yi aƙalla wata shida ana shan maganin bayan samun sauƙi, a hankali ake ragewa cikin makonni ko watanni, kuma paroxetine yana cikin waɗanda suka fi bukatar wannan lallaɓawa. Ba zan ɓoye maka ba cewa a 2019 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta umarci a rubuta a takardar waɗannan magunguna cewa ga wasu mutane matsalar jima'i na iya ci gaba bayan an daina shan su. Abin da aka fi bayyanawa a irin wannan hali shi ne mutuwar sha'awa da dushewar ji a al'aura, kuma mafi yawan masu shan maganin suna komawa yadda suke bayan sun daina.

Tun da wasu masu karatu suna kan wasu magungunan ƙwaƙwalwa dabam, ya dace in taɓo su. Amitriptyline da clomipramine, waɗanda tsofaffin magungunan damuwa ne, su ma suna jinkirta inzali, suna kuma iya raunana tsayuwar gaba. Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine da trifluoperazine da risperidone, da allurar fluphenazine da ake yi duk bayan 'yan makonni, ta wata hanya suke bi: suna toshe aikin dofamin, dofamin kuwa shi ne ke danne sinadarin furolaktin mai sa nono ya kawo ruwa, saboda haka idan aka toshe shi sai furolaktin ya hauhawa. A jikin namiji wannan yana rage testosteron, ya kashe sha'awa, ya raunana gaba, wani lokaci har ƙirji ya kumbura kamar na mace. A jikin mace kuwa al'ada na iya rikicewa ko ta ɗauke gaba ɗaya, nono ya riƙa fitar da ruwa ba ciki ba goyo, farji ya bushe, ɗaukar ciki ya yi wuya, kuma na ga matan da aka zarga da abin kunya ko aka ce aljanu ne saboda wannan, alhali gwajin jini guda ɗaya ya isa ya warware zancen. Mata ma suna fuskantar raguwar sha'awa da rashin gamsuwa daga magungunan SSRI kamar yadda maza suke yi, sai dai su sun fi yin shiru. Aripiprazole ba ya ɗaga furolaktin, har ma ana amfani da shi wajen sauke shi, olanzapine da quetiapine kuwa ɗagawarsu kaɗan ce, amma suna kawo ƙiba da haɗarin ciwon suga. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna sa namiji ya ji ya kawo amma bai ga maniyyi ba, domin ya koma cikin mafitsara ya fita tare da fitsari, abin da ba ya cutar da jiki amma yana hana haihuwa muddin ana kan maganin. Akwai kuma wanda ba ya jiran gobe: trazodone da chlorpromazine da makamantansu kan sa gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya, da zafi, ba tare da sha'awa ba, kuma idan ya kai awa huɗu a haka dole a garzaya sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, domin jinkiri na iya kashe gaban har abada. Carbamazepine, maganin farfaɗiya da ake kuma bayarwa a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, shi ma yana rage ƙarfin testosteron, yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. Duk wanda yake kan maganin taɓin hankali kada ya kuskura ya ajiye shi saboda waɗannan illoli, domin dawowar ciwon ta fi su muni nesa ba kusa ba, kuma akwai damar sauyawa.

Abin da nake ba ka shawara, Malam, shi ne ka koma wurin likitan da ya ɗora ka kan maganin cikin wannan makon, ko kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, inda kuma akwai likitocin mafitsara idan bukatarsu ta taso. Kada ka koma shan ragowar paroxetine da kanka. Ka gaya masa ranar da ka daina, da dalilin da ya sa, da yadda barcinka da zuciyarka suke tun daga lokacin, idan kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, wannan shi ne abin da za ka fara faɗa, kuma ba ya jiran ranar ganawa. Mai yiwuwa ya auna hawan jininka da suga da tayirod, sannan ya yanke ko za a jira jiki ya daidaita, ko a mayar da kai kan ɗan ƙaramin adadi a riƙa ragewa a hankali, ko a zaɓi adadin da zai riƙe fargabar ya kuma jinkirta inzalin daidai gwargwado, domin a irin halinka magani ɗaya na iya biyan bukatu biyu.

Kafin nan akwai abin da za ka iya farawa a gida. Akwai dabarar tsayawa da ci gaba, wadda likita James Semans ya bayyana a 1956, wato mutum ya dakata cak idan ya ji ya kusa, ya bari abin ya lafa, sannan ya ci gaba, ya maimaita haka sau uku ko huɗu kafin ya saki, kuma da yawan gwadawa jiki yana koyon gane iyakarsa. Kwaroron roba yana rage kaifin ji, haka ma man lidocaine da prilocaine da ake shafawa kimanin minti 20 kafin saduwa, da sharaɗin a wanke shi ko a sa kwaroro a kai don kada ya kashe wa iyali nata jin. Tsawaita wasa kafin saduwa da rage tazarar kwanaki su ma suna taimakawa. Dukkan waɗannan ba sa yiwuwa sai da sanin maiɗakinka, kuma ina ganin ta cancanci bayani, domin matar da ta ga mijinta ya yi wata takwas yana janye jiki, daga baya kuma ya koma gaggawa, ba tare da ya ce mata komai ba, abin da za ta fassara shi ne ya gaji da ita ko kuwa kishiya ce ke tafe. Idan faɗin ya yi maka nauyi, ka zo da ita asibiti likita ya yi mata bayanin a gabanka. Ranar da za ka zo kuma ka haɗo da kwalin paroxetine ɗin da duk wani abu da ka sha tun bayan da ka daina, na kemis ne ko na gargajiya, har da tramadol idan ka riga ka gwada shi, domin da su likita zai san abin da zai iya rubuta maka ba tare da haɗari ba.